Babi na Bakwai: Furen Marigol da Dodon Koɗi a Lambun Gida

Duk wanda ya taɓa yin ɗan lambu a bayan ɗaki a Panshekara ya san abin da watan Agusta ke yi wa iri. Da yamma ka bar komin latas ko na alayyahu ya fito kore shar, ganye bibbiyu a kan kowane tsiro. Gari na wayewa sai ka tarar da ƙasa fayau, sai 'yan guntayen kara da ba su kai tsawon farce ba. Maigida ya ce ɓera ne, uwargida ta ce kajin maƙwabta ne suka tsallako, yara su ce ƙadangare. A sayo fiya-fiya a fesa, jibi a sake yayyafa iri, a sake tarar da abin da aka tarar. Da za a durƙusa a dubi ƙasar da sassafe, kafin rana ta hau katanga, da an ga shaida: wani siririn layi mai ƙyalli ya taso daga gindin bulo, ya ratsa komin, ya koma inda ya fito. Sawun dodon koɗi ke nan.

A 'yan shekarun nan wata shawara ta yaɗu a tsakanin masu lambun gida. Wasu a waya suka gani, wasu a bakin masu sayar da fulawa na gefen titi suka ji: ka jera furen marigol a kewayen kayan miyarka, warinsa zai kori ƙwari. Akwai gaskiya a cikin maganar, shi ya sa na ware mata babi guda. Amma yadda ake faɗinta a dunƙule ya jawo wa mutane asarar iri da kuɗi, domin a cikin duk abin da ke cin ganye a lambu, da wuya ka sami mai son marigol irin dodon koɗi. Yakan ratsa wasu ganyayen ya nufe shi kai tsaye. Mutum ya shuka furen don ya yi masa gadi, ya wayi gari shi aka fara cinyewa, sai ya ce ƙarya aka yi masa, ya tuge sauran ya zubar. Ni kuwa ina ganin wannan kwaɗayin na dodon koɗi yana cikin manyan amfanin furen, in an san yadda za a juya shi.

Marigol tsiro ne mai ganye tsaga-tsaga, furensa ruwan ɗorawa ko ruwan goro. In ka murza ganyen, wani wari mai ƙarfi zai kama yatsunka ya daɗe bai saki ba. Iri biyu aka fi gani a wajen masu fulawa a Kano. Akwai dogo mai babban fure cunkus, wanda kan kai ƙugun mutum in ya sami ƙasa mai kyau. Akwai kuma gajere da bai cika wuce kamu ɗaya da rabi ba, mai ƙananan furanni da sofanen ja. Dukansu daga ƙasar Meksiko da kewayenta suka fito. Mutanen Aztek na can sun daɗe suna noma shi kafin Turawan Sifen su kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu. Har yau a Meksiko da shi ake ƙawata kaburbura a farkon watan Nuwamba, a Indiya kuma da shi ake shirya dogayen sarƙoƙin fure na biki. Masu haɗa abincin kaji ma suna sayen busasshen furensa, don shi ke sa ƙwaiduwa ta yi ja.

Babban aikinsa a lambu a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ido ba ya kai.

Akwai wani irin tumatir da kowane mai lambu ya taɓa gani. Ka ba shi ruwa da safe, rana na take tsaka ya yi yaushi laƙwas, da yamma ya ɗan farfaɗo. Ganyensa ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya ƙi tsawo, in ya yi 'ya'ya ma ƙanana ne. Ka ƙara taki, babu canji. Ka ƙara ruwa, sai abin ya ƙaru. Irin wannan kada ka tuge shi da ƙarfi. Sa fartanya ka haƙo shi da ƙasarsa, ka wanke saiwar a bokiti, ka ɗaga ta a haske. Maimakon siraran saiwoyi farare sumul, za ka ga sun yi ƙululu-ƙululu a jere kamar carbi, wasu wuraren sun kumbura sun fara ruɓewa. Ka gwada murje ƙululun da babban yatsa, ba zai fita ba, don jikin saiwar ne kansa ya kumbura. A nan ya bambanta da 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke ɓallewa da an taɓa su, su kuwa alheri ne ga ƙasa.

Mai wannan ɓarna wata tsutsa ce da ido ba ya iya gani sai da madubin likita, masana na ce mata nematod. Tana shiga ta bakin sabuwar saiwa, macen ta zauna a ciki tana tsotsa, ta zuba ɗaruruwan ƙwai. A ƙasa mai ɗumi, cikin wata guda 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Ta fi son ƙasa mai yashi da zafi, wato irin tamu. Tumatir, kuɓewa, yalo, karas, lalo, tattasai, duk abincinta ne. Manomin da ke da fili yana iya sauya wuri, bana nan baɗi can. Mai lambun bayan ɗaki kuwa taku biyar ne da shi, a nan yake dasa tumatir da kuɓewa shekara da shekaru, tsutsar na ta taruwa, har ya yanke hukuncin cewa ƙasar gidansa ce ba ta da albarka.

Tun a shekarun 1950 masu bincike a ƙasar Holan, inda noman furanni babbar sana'a ce, suka tabbatar cewa filin da aka cika da marigol yakan rage wannan dangin tsutsa ƙwarai. A 1958 aka ware sinadarin da ke cikin saiwarsa mai wannan aiki. Tsutsar na shiga saiwar marigol yadda take shiga ta tumatir, amma ba ta iya girma ta hayayyafa a ciki. Ta shiga ke nan, zuriyarta ta tsaya.

To, a nan ne ake yin kuskure. Maganin a cikin saiwa mai rai yake, kuma iyakar inda saiwar ta kai nan ne iyakar aikinsa. Marigol huɗu a kusurwoyin fangali ba za su taɓa tsutsar da ke tsakiya ba. In har don ita ake yi, sai an cika fangalin gaba ɗaya da furen, tazarar kamu ɗaya tsakanin tsiro da tsiro, a bar shi aƙalla wata biyu, ana cire ciyawa, domin ciyawa da yawa maɓoyar tsutsar ce. Bayan nan a sassare shi, a juya ƙasa a binne, sannan a dasa tumatir. Gajeren ya fi suna a wannan aiki. Kuma rage ta yake yi, ba ya ƙarar da ita, don haka bayan shekara ɗaya ko biyu sai an maimaita. Na san yana da wuya mutum ya ba da rabin ɗan filinsa ga abin da ba a miya da shi. Amma wanda ya taɓa ganin bambancin saiwar tumatir kafin da bayan ba sai an lallashe shi ba.

Maganar warin ma ba ƙarya ba ce ɗungurum. A 2019 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna cewa gajeren marigol na fitar da wani sinadari, irin wanda ke cikin ɓawon lemo, da ke sa farin ƙuda ya ƙaurace wa tumatir. Sai dai sun ga abin yana aiki ne in an shuka su tare tun farko. Bayan ƙudan ya riga ya cika ganye, kawo furen ba ya tsinana wani abu sosai. Kuma a rufaffen ɗakin gilashi aka yi gwajin, inda wari ke taruwa. A tsakar gidan Kano, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, kada a sa rai da yawa. A Indiya wata hanya suke bi: suna dasa layin dogon marigol a tsakanin layukan tumatir don malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke huda 'ya'yan tumatir ya je ya zuba ƙwansa a kan furen, sai a bi furen a kashe. Shi kuwa sharon, ƙwaron da ya cinye gonakin tumatir a Kadawa da Kura da sauran wurare a 2016 har farashi ya yi tashin gwauron zabi, marigol ba maganinsa ba ne, kada wani ya sayar maka da shi da wannan sunan. Abin da babu gardama a kai shi ne furen na jawo ƙudan zuma, su kuwa kabewa da gurji da kokwamba ba sa 'ya'ya sosai sai da su.

Yanzu mu dawo kan mai sawu.

Dodon koɗin da ke cikin lambunanmu ba shi ne ƙaton nan da ake kawowa daga dazukan kudu ana sayarwa a Sabon Gari ba. Namu ƙarami ne, gidansa dogo mai tsini, da ratsin ƙasa-ƙasa, tsawonsa bai cika wuce yatsa ba. Shi ne wanda yara ke tsintar katantanwarsa suna murzawa a rairayi. Jikinsa kusan duk ruwa ne, rana ɗaya mai zafi ta isa ta kashe shi in bai ɓuya ba, don haka sai dare ko bayan ruwan sama yake fita. Harshensa na ɗauke da dubban ƙananan haƙora, da su yake kankare ganye, shi ya sa hujinsa ba ya da tsari, wani wuri ma sai ya bar jijiyar ganyen kawai. Tsutsar ganye kan bar kashinta baƙi-baƙi a kan ganye, fara da rana take ci kuma daga gefe take farawa, shi kuwa majinarsa ce ke tona masa asiri.

Abu biyu ne suka sa yake da wuyar ƙarewa. Kowane ɗaya namiji ne kuma mace ne, in biyu suka haɗu dukansu za su yi ƙwai, su binne a ƙasa mai laima. Sannan in damina ta ɗauke ba mutuwa yake yi ba. Yakan nutse a ƙasa ko ya shige ƙarƙashin dutse, ya toshe bakin gidansa da busasshiyar majina, ya kwanta wata da watanni har ya ji danshi. A gona sai ruwan farko ya tashe shi. A gida kuwa bokitinka ne ke tashinsa, shi ya sa za ka iya ganinsa a komin latas a tsakiyar Janairu, lokacin da ko ɗaya babu a daji.

Yana kuma buƙatar farar ƙasa don gina gidansa, yana samunta a jikin siminti da tsohon shafe. Ka dubi yadda unguwannin Panshekara da Zawaciki da sauran garuruwan Kumbotso suka cika da sababbin gine-gine: tulin bulo a ƙofar gida, kango mai ciyawa a maƙwabta, rariya na tsiyaya dare da rana, ga ƙasar ta gangara wajen kogin Challawa tana riƙe laima. Abinci da ruwa da maɓoya da kayan gini duk sun haɗu masa a wuri ɗaya.

Sau da yawa ma mu ke kawo shi da hannunmu, a cikin ledar dashen da muka saya ko a ƙasar da aka ɗebo daga bakin rafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1966 wani yaro ya shigo da manyan dodannin koɗi guda 3 birnin Miami na Amurka daga tsibirin Hawai, aka sake su a lambun gida. Kafin a gama da zuriyarsu sai da aka kwashe kusan shekara 10, aka tsince fiye da 18,000, aka kashe kimanin dala miliyan ɗaya. Duk dashen da ka saya, ka zare shi daga leda ka duba gindinsa da gefen ƙasar kafin ya shiga lambunka. In ka ga 'yan ƙwayoyi farare zagayayyu a dunƙule, ƙwansa ne.

Tunda mun san yana son marigol, sai mu ba shi, amma a inda muka zaɓa. Ka yayyafa irin furen da yawa a gindin katanga da bakin rariya, wato hanyar da yake fitowa, nesa kaɗan da komin ganye. Kusa da wurin ka ajiye guntun katako ko jiƙaƙƙen buhun algarara, ko ka kife ɓawon kankana. Bayan sallar isha'i ka ɗauki tocila da bokiti mai ruwan gishiri, ka sa hannu a leda. Haska ƙasa-ƙasa. Za ka gan su sun hau kan 'yan tsiron, ƙahonninsu a miƙe, wani ya lanƙwasa kara da nauyinsa, wani yana tsakiyar ganye ya ci rabi. In dare ya yi tsit, ka kasa kunne, har ƙarar kankararsu kana iya ji. Ba sa gudu, tsinta kawai za ka yi. Da asuba in an dawo daga masallaci a ɗaga katakon da buhun, sauran da suka ƙoshi suna nan manne a ƙasansa. Yara sun fi manya iya wannan aiki, in an nuna musu su rufe hannu su kuma wanke da sabulu bayan sun gama. Ruwan gishirin a zubar da shi can nesa da shuka.

Lokacin da tsintar ta fi riba shi ne makonnin farko na damina, sa'ad da suka farka da yunwa ba su riga sun yi ƙwai ba. Wanda ya dage a Yuni ya huta a Agusta. Wanda ya bari sai ya ga ɓarna, da 'ya'ya da jikoki zai yi fama.

Akwai wani karo da ke tsakanin ayyukan furen guda biyu, kuma shi ke karya wa mutane gwiwa. Lokacin da ya dace a cika fangali da marigol don tsutsar saiwa shi ne damina, don a sami dasa tumatir da shigowar sanyi. Damina kuwa ita ce kakar dodon koɗi. In ka yayyafa irin kai tsaye a ƙasa, ba zai kai ganye huɗu ba. Mafita ita ce a rene shi a sama. A cika tsohuwar roba ko kwando da ƙasa, a ɗora a kan benci ko tebur, a tsoma ƙafafun a gwangwanaye masu ruwan gishiri. Irin na tsirowa cikin mako guda. In ya kai kamu ɗaya, karansa ya yi ƙwari, sai a dasa. Babban marigol ko an ci ganyensa yana sake tohowa, jariri ne ba ya jurewa. Haka za a yi wa latas da kabeji ma.

Sauran dabarun da ake faɗa, bari in bi su da sauri. Fiya-fiya da ire-irensa don ƙwari aka yi su, dodon koɗi kuwa ba ƙwaro ba ne, sai dai ka zuba guba a ganyen da iyalinka za su ci shi kuma ya shige gidansa ya jira. Gishiri na kashe shi nan take, amma in ka barbaɗa a fangali ƙasar ka kashe. Toka tana tare shi muddin a bushe take, raɓa ɗaya ta gama da ita. Ɓawon ƙwai da ake yawan yabo, wata babbar ƙungiyar masu lambu ta Ingila ta gwada shi a 2018 a kan latas, tare da tsakuwa da zaren tagulla da wasu abubuwa, ba ta ga bambanci da latas ɗin da ba a sa wa komai ba. Akwai maganin ƙwaya-ƙwaya, galibi shuɗi, mai sinadarin metaldehaid. Yana aiki, amma yana kashe kare da kyanwa da bushiya da tsuntsaye, har Birtaniya ta haramta amfani da shi a fili daga Afrilun 2022. A gidan da yaro ke rarrafe kaji na tsattsaga, ban yarda a ajiye shi ba ko a kan kanta. In dole sai an saya, a nemi mai sinadarin ƙarfe, a karanta jikin kwalin.

Dabaru biyu ne nake ganin sun cancanci a gwada. Masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun ruwaito a 2021 cewa ƙullin fulawa da ruwa da yis, in ya fara tsami, yana jawo dodon koɗi sosai. Ke nan ragowar ƙullin fanke ya isa. A tsinka shi da ruwa, a zuba a gwangwani mai zurfi, a binne gwangwanin bakinsa ya ɗan ɗara ƙasa, a duba da safe. Na biyu agwagwa. A yankin Stellenbosch na Afirka ta Kudu akwai gonar inabi da ke sakin garken agwagi kowace safiya don su cinye dodon koɗi. A gida sai a sake su kafin dashe ko bayan an cire amfani, don ƙafarsu na tattake ƙananan tsiro, kuma su ma suna son latas. Kwaɗo da bushiya in sun shigo lambu a ƙyale su, ma'aikata ne.

Sai ban-ruwa. Yawancinmu da yamma muke yi, bayan an dawo daga aiki, wato muna shimfiɗa masa jiƙaƙƙiyar hanya daidai lokacin fitowarsa. A mayar da shi safiya, a zuba a gindin shuka, kafin dare saman ƙasa ya sha iska. Wannan canji kaɗai yana rage ɓarna fiye da yadda mutum zai zata.

Maganar ruwa a Panshekara ba ta tsaya a kan lokaci ba, dole a tambayi wane ruwa. Garin nan shi ya fara shayar da birnin Kano ruwan famfo, daga matatar Challawa da aka gina a farkon shekarun 1930. A gefen wannan kogi kuma rukunin masana'antun Challawa yake, cike da kamfanonin jima da na wasu kayayyaki. Dagwalon masana'antun Sharada na bin rafin Salanta ya gangaro wannan kogin, na Bompai kuma ya bi Getsi ya faɗa Jakara. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yinta, ba da bagaruwa irin ta majemar gargajiya ba. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan waɗannan rafuka da ƙasar gefensu da ganyen da ake nomawa da su, suna samun ƙarafa masu guba a ciki. Masana'antun nan suna ciyar da dubban gidaje, fata kuma tsohuwar sana'ar Kano ce da ba wanda ke son ta mutu. Tace dagwalo kafin a sake shi haƙƙi ne a kansu, akwai kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don sa ido a kan irin wannan. Amma mai lambu ba zai jira a gyara ba kafin ya kare tukunyarsa.

Babbar fa'idar lambun gida a irin wannan wuri ita ce ka san abin da alayyahunka ya sha. Kada a zubar da wannan fa'ida saboda tsadar ruwan 'yan garuwa. Ruwan kwatar da ta fito daga wajen masana'antu ba ya shiga lambu, ko da ya yi fari ya daina wari. Baƙar laɓar da ake yasowa daga kwata a tara a gefen hanya ita ma ba taki ba ce, duk da shuka na yin kore a kanta. Ganye irin latas da alayyahu suna zuƙar waɗannan ƙarafa, wanki kuma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jiki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya, in an tara a baho, sun isa su riƙe fangali biyu. Na wanki mai omo da bilic ne za a kauce wa.

Wannan ya shafi furen da dodon koɗin su ma. Marigol na cikin tsirran da ke janyo ƙarafa daga ƙasa, har masana na gwada shi wajen tsabtace gurɓataccen fili. Saboda haka wanda ya girma a ƙasar da ake shakka, ba a binne shi a fangali, ba a ba kaji furensa, a tuge a kai shara. Dodon koɗi kuma yana tara ƙarafan a jikinsa, har da shi ake auna gurɓatar wuri a wasu ƙasashe. Wanda aka tsinto a bakin kwata kada a ba agwagwar da za a ci ƙwanta. In gidanka na kusa da hanyar dagwalo, ko ambaliya ta taɓa shigo da shi tsakar gida, ka bar ƙasar wurin, ka yi noman buhu da ƙasar da ka ɗebo daga gonar da ka sani, ka haɗa da ruɓaɓɓen takin dabbobi. A ɗora buhunan a kan bulo, a riƙa leƙa ƙarƙashinsu, don nan ne sabon masaukinsa.

Wasu na jin tsoron dodon koɗin lambu saboda tsargiya. Masu yaɗa tsargiya ƙanana ne da ke zaune a cikin ruwa, a kududdufi da gefen kogi da hanyoyin ban-ruwa, kuma ta fata cutar ke shiga in an tsoma jiki. Haɗarin yana kan yaron da aka aika ɗebo ruwa ya shiga har gwiwa. Na tudu ba ya ba da ita, amma yana iya ɗaukar wasu ƙwayoyin cutar, don haka latas da kabeji da lansir, duk abin da za a ci ɗanye, a ɓare shi ganye-ganye a wanke da ruwa mai tsabta, a duba gindin ganyen inda ƙananan ke maƙalewa.

In an jera aikin a kan shekara, a Yuni ake renon marigol a sama ana tsintar dare. A Yuli a dasa shi ya cika fangalin da aka ware wa tumatir, sauran fangalin a ci gaba da kuɓewa da yakuwa da rama, waɗanda ke jure damina. Wajen ƙarshen Satumba a sassare a binne, a bar 'yan kaɗan a gefe don zuma da iri. Oktoba zuwa Nuwamba a dasa tumatir, a tsarma gajeren furen nan da can a tsakaninsa, amma kada ya matse shi, don shi ma ruwa da taki yake ci. In zafin Maris ya shigo, marigol kan kamu da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa a bayan ganye, ganyen ya yi fari-fari ya bushe. Da an ga haka a tuge shi, don daga kansa suke tsallakawa tumatir da yalo. A Afrilu, fangalin da ya huta a kafce shi a bar shi a buɗe, a sake juyawa bayan mako guda. Ranar wannan wata tana ƙona ƙwan dodon koɗi, tana kuma rage tsutsar saiwa. A lokacin ne kuma ya kamata a kwashe fasassun bulo da tsofaffin tukwane daga gindin katanga.

Iri kuwa sau ɗaya ake saye. A bar furen ya bushe a kan karansa har ya yi ƙasa-ƙasa, a tsinke, a ɓare gindin. A ciki za a ga siraran 'ya'ya baƙaƙe masu farin wutsiya, fure ɗaya na ba da gommai. A shanya su a inuwa kwana biyu, a naɗe a takarda, a sa a gwangwani mai murfi. A leda suna yin gumi su ruɓe. Wanda aka fara saye a fakiti, 'ya'yansa kan fito da launi ko tsawo daban da na uwar, wannan ba ya hana saiwarsa aiki.